Darasi na 12: Shin Lokacin Sauya Murhu Ya Yi?

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:
1. Faɗin ayyukan da wutar murhu take yi a gidansa.
2. Bambance kuɗin saye da kuɗin yau da kullum.
3. Lissafa watannin da sabon murhu zai yi kafin ya mayar da kuɗinsa.
4. Kare iyalinsa daga hayaƙi da gubar gawayi da haɗarin gas.

Karatu: Safiyar hunturu a Durun

Asuba ce ta watan Janairu a garin Durun, cikin ƙaramar hukumar Kabo. Iska tana kaɗawa, hazo ya rufe gari. Uwargida ta fito da goyo a bayanta, ta durƙusa gaban murhu, ta tona toka ko za ta dace da sauran garwashin jiya. Ta kakkarya kara ta cusa, ta jera faskare uku a kai, ta sunkuya tana hurawa har idanunta suka kaɗa suka yi ja. Da wuta ta kama ta ɗora babbar tukunyar ruwan alwala da wanka. Yara suka fito suka kewaye murhu suna jin ɗumi, jaririn da ke bayanta yana ta tari.

Da maigida ya dawo daga masallaci ta gaishe shi, sannan ta ce, "Malam, itacen nan fa ba zai kai mu Juma'a ba."

Ya ce, "Ba shekaranjiya na sayo ba?"

Ta ce, "Ɗanye ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa. Gidan Yaya a Kano tun bara suka koma gas. Ta ce kafin yara su gama shiri ta dama koko ta ɗumama tuwo."

Ya ce, "Na ji. To, kin san nawa ake ɗura tukunyar? Kuma in ta ƙare ana tsakiyar talge, ina za mu nufa?"

Ta ce, "Wannan kai za ka bincika mana. Abin da na sani shi ne ƙirjina da idona, da tarin yaron nan."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Gaskiyarki. In an yi sallar isha'i ki kawo littafin makarantarki, mu zauna mu lissafa."

Kowannensu yana da gaskiya. Ita ce take shaƙar hayaƙi, shi ne yake fitar da kuɗi. Abin da ya rage musu shi ne su haɗa gaskiyar nan biyu a takarda ɗaya, kuma abin da za mu koya ke nan a wannan darasi.

Ba mu kaɗai ke wannan shawara ba

A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, gidaje da yawa suna da wata tukunya mai ƙona gas wadda take dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya ɗakuna yana ɗumama su. Yanzu ana kiran mutane su cire ta su sa na'urar zuƙo zafi. Wannan na'ura ba ta ƙona komai. Aikinta irin na firiji ne, sai dai a juye: firiji yana kwashe zafin da ke cikinsa ya fitar waje, ita kuwa tana jawo zafi daga iskar waje ko daga ƙasa ta shigar da shi gida. Da awo ɗaya na lantarki takan ba da zafi kamar awo uku. Amma sayenta da kafa ta akwai tsada, har ta kai tun watan Oktoba na 2023 gwamnati tana tallafa wa mai gida a Ingila da fam 7,500 idan zai sauya. Duk da haka masana suna faɗa wa mutane su fara toshe kafofin da zafi yake zurarewa ta rufi da tagogi, su kuma lissafa farashin lantarki da na gas kafin su yanke shawara.

Mu a nan murhu ne yake yin aikin waccan tukunya. Shi ke dafa abinci, shi ke dafa ruwan wanka, shi ke ɗumama yara da tsofaffi da hunturu, shi ke ɗaukar ruwan wankan jego har kwana arba'in. Tambayar da Bature yake yi wa kansa ita ce tamu: in ci gaba da abin da na saba, mai sauƙin saye amma mai cin kuɗi kullum, ko in ɗaure in sayi sabo?

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Dalili na farko shi ne tsada. Risho ya yi zamani a gidajenmu, amma tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 farashinsa yake hawa, har yawancin gidaje suka jingine shi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Kuɗin mota ya tashi, duk abin da mota take ɗaukowa ya bi shi, har da itace da gawayi da gas.

Dalili na biyu shi ne itacen kansa. Dattawan Durun da Garo da Gwarzo za su gaya maka inda suke yo itace suna yara, yau wurin ya zama gona ko fili. Marke da ƙirya sun yi nisa, gatari ya fara komawa kan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, waɗanda suke ba mu daddawa da mai da abin kunu. Gawayi ma daga itace yake: a irin ƙonawar da aka saba, sai an cinye itace kilo 5 ko fiye kafin a sami gawayi kilo 1.

Dalili na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Hayaƙi yana jawo ciwon huhu ga yara, yana kawo tari mai naci da ciwon zuciya da yanar ido ga manya. Mata da goyonsu su ne a bakin murhu, su ne kuma suka fi kwasa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wata manufa ta ƙasa kan girki mai tsafta. Amma manufa tana Abuja, murhu yana tsakar gida, kuma mutanen gida ne za su yanke hukunci a kansa.

Ina zafin yake tafiya?

Dubi murhun duwatsu uku da rana tsaka. Harshen wuta yana fita ta kowane gefe, iska tana kora shi, ƙasa tana shan nata, duwatsu suna shan nasu. Idan aka kasa zafin itacen kashi 100, abin da yake shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Wato a ɗaurin itace goma da ka saya, kusan tara iska ka saya wa.

Murhu mai tsimin itace yana killace wutar, ya tilasta mata bin gindin tukunya da gefenta. Akwai na laka da mata suke ginawa da hannunsu, akwai na ƙarfe mai yumɓu a ciki, akwai kuma na kamfani irin Save80, wanda wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair take ƙerawa a Kano. Murhu mai kyau, a hannun wadda ta iya shi, yakan rage cin itace da rabi ko fiye.

Gas ya fi su duka kai zafi inda ake so: kusan rabin zafinsa ko fiye yana shiga tukunya, kuma kilo ɗaya nasa yana ɗauke da zafin itace busasshe kamar kilo uku. Idan aka haɗa waɗannan biyu sai mu sami ma'aunin da ya kamata kowa ya haddace:

Gas kilo 1 yana yin aikin itace kamar kilo 10 a murhun duwatsu.
Gas kilo 1 yana yin aikin itace kamar kilo 5 a murhu mai tsimi.

Saboda haka, ga mai murhun duwatsu, idan kuɗin itace kilo 10 a garinku ya fi kuɗin gas kilo 1, gas ya fi araha. Idan bai kai ba, itace ya fi araha a aljihu.

Kuɗi iri biyu

Kowane murhu yana cin kuɗi sau biyu. Akwai kuɗin saye, wanda ake biya sau ɗaya. Akwai kuɗin yau da kullum, wato na itace ko gawayi ko gas, wanda ba ya ƙarewa. Murhun duwatsu kyauta ne ranar farko, shi ya sa muke ganin araharsa, alhali kullum yana karɓar nasa kaɗan-kaɗan ba mu ankara ba.

Ga misali. Farashin da ke ciki na koyon lissafi ne kawai, kowa zai sa na kasuwarsu a madadinsa. A ce gidan da muka gani a karatu suna ƙona itace kilo 10 kullum, a kan naira 600. A ce kuma gas kilo 1 naira 1,200 ne.

Hanya ta 1: a bar murhun duwatsu.
Kuɗin saye: babu.
Kuɗin wata: 600 sau 30, naira 18,000.

Hanya ta 2: a sayi murhu mai tsimi a kan naira 45,000.
Itace ya koma kilo 5 a rana, naira 300.
Kuɗin wata: naira 9,000.
Rarar wata: 18,000 a cire 9,000, saura 9,000.
Mayar da kuɗi: 45,000 a raba da 9,000, wata 5.

Hanya ta 3: a koma gas gaba ɗaya, tukunya da kai da tiyo a kan naira 50,000.
Ana bukatar kilo 1 a rana.
Kuɗin wata: 1,200 sau 30, naira 36,000.
Babu rara. Kuɗin wata ya ninka, ga kuɗin saye a kai.

Hanya ta 4: a haɗa murhu mai tsimi da ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6, duka a kan naira 80,000.
Gas kilo 6 a wata, don koko da shayi da ɗumame: naira 7,200.
Itace kilo 4 a rana, don tuwo da wake da ruwan wanka: naira 7,200 a wata.
Kuɗin wata: naira 14,400.
Rarar wata: naira 3,600.
Mayar da kuɗi: 80,000 a raba da 3,600, wata 22 da 'yan kwanaki.

Yanzu mun gane abin da ya sa gas ya karɓi gidan Yaya a Kano. Idan a birni itace kilo 10 ya kai naira 1,500, gas na naira 1,200 ya fi shi sauƙi. A Durun, inda itace bai kai haka ba, lissafin ya sha bamban. Wanda ya kwaikwayi gidan wani ba tare da ya auna nasa ba, yana iya sayen tukunyar gas ta zauna a lungu babu kuɗin ɗura ta.

Ga manomi akwai ƙarin magana. Daga kaka zuwa tsakiyar rani gida yana cike da karan dawa da na gero da totuwar masara. A waɗannan watanni kusan ba a sayen makamashi. Wahala tana zuwa ne da damina, lokacin da kara ya ƙare, itace ya jiƙe ya yi tsada, hayaƙi ya cika madafi, ga aikin gona yana jira da sassafe. Saboda haka a yi lissafin kaka daban, na damina daban. Gidaje da yawa za su tarar cewa da damina ne ƙaramar tukunyar gas take biyan kanta. A tuna kuma kara ba banza ba ne: dabbobi suna ci, ana danni da shi, wanda aka bari a gona yana komawa taki.

Abin da takarda ba ta nunawa

Akwai kuɗin da ba ya shiga lissafin murhu amma daga aljihu ɗaya yake fita: maganin tari, kuɗin mota zuwa asibiti, ranar aiki da aka rasa. Akwai lokacin da yarinya take ɓatawa wajen yo itace alhali 'yan ajinsu suna makaranta. Akwai awa guda da uwargida za ta samu kowace safiya, ta yi sana'arta ko ta zo wannan aji a kan lokaci. Hanya ta 4 ba ta kai ta 2 rara ba, amma ita ce take ɗauke hayaƙin asuba daga fuskar jariri. Gidan da yake da mai asma ko tsoho mai tari ko mai ciki, ya dace su ba wannan nauyi sosai.

Shi ya sa ba a yanke wannan shawara a majalisa ko a shagon mai sayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda take girki ita ta san girman tukunyarta, ta san ko murhun zai tsaya daram in ta sa muciya tana tuƙa tuwon mutum goma sha biyar. Murhun da bai ɗauki tukunyar gida ba, ko wanda yake rawa a ƙarƙashin tuƙi, kwana kaɗan zai yi a koma wa duwatsu. Idan gidan mata biyu ne ko fiye, a zauna da kowa, a san yadda za a raba gas tsakanin ranakun girki tun kafin a sayo.

Tambayoyi biyar kafin a saya

1. Wane aiki ne ya fi cin wuta a gidanmu, kuma sabon murhun zai iya shi?
2. A ina za a riƙa ɗura gas: Kabo, Gwarzo, ko sai an shiga Kano? Nawa ne kuɗin zuwa da dawowa? A ƙara shi a kan kuɗin wata.
3. Idan ya lalace, wa zai gyara, kuma ana samun kayansa a kusa?
4. Kuɗin shigarmu na kullum ne ko na kaka? Itace ana sayen na naira ɗari biyu, tukunyar gas kuwa ta fi son kuɗi a dunƙule.
5. Daga ina kuɗin saye zai fito? Adashi ko ribar amfanin gona sun fi bashi. Kada a sayar da hatsin ci don sayen murhu.

Wanda yake tunanin murhun lantarki ko abin dafa ruwa na lantarki, ya ƙara tambaya ta shida: awa nawa wuta take zama a unguwarmu, kuma da wane lokaci take zuwa?

Gyaran da ba ya cin ko kwabo

Kamar yadda ake ce wa mai gida a Ingila ya fara toshe kafofin ɗakinsa, mu ma akwai abin da za mu fara yi tun yau. A faskara itace ƙanana a shanya shi ya bushe, a tanadi na damina a ƙarƙashin rumfa tun da rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun dare. A kewaye duwatsun murhu da laka, a bar ƙofa ɗaya ta sa itace. Idan abinci ya tafasa a janye itace, ƙaramar wuta ta isa ta ƙarasa. Shinkafa ko wake da suka tafasa sosai, ana iya sauke tukunyar a nannaɗe ta da tsumma mai kauri a sa a kwando a rufe, zafin da ke ciki ya ƙarasa dahuwar. Baƙar jarka cike da ruwa, in ta wuni a rana, takan ba da ruwan wankan yamma mai ɗumi ba tare da an hura wuta ba.

A gona ma akwai gyara. A yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun wajen 1983 manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓen rassa masu ƙarfi su bari, su sare sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kudancin Nijar, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama. Rassan da ake ragewa kowace shekara su ne itacen girkin gida. Abin da manomin Maraɗi ya iya, manomin Durun zai iya.

Kiyaye rai

Gawayi: da hunturu wasu sukan shiga da kasko ko kurfoti ɗaki su rufe ƙofa da taga su kwanta. Gawayi yana fitar da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci. Alamunta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. A ji ɗumi a inda iska take shiga, a fitar da kasko kafin a kwanta. Wanda aka samu ya galabaita a fito da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.

Gas: a ajiye tukunya a tsaye, a inda iska take wucewa, nesa da murhun itace da hannun yara. Kada a sayi tukunya mai tsatsa ko wadda ta lotsa. A duba tiyo da mahaɗa da ruwan sabulu: in kumfa ta tashi, akwai yoyo. A kyasta ashana kafin a buɗe gas, a rufe shi da zarar an gama. In an ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka ba a ajiye shi a ɗakin da ake kwana.

Komawa gidan Durun

Bayan isha'i suka zauna da fitila da littafi. Uwargida ta rubuta ayyukan wuta tun daga asuba har dare, maigida ya faɗi farashi. Suka ga cewa komawa gas gaba ɗaya ya fi ƙarfinsu a bana. Suka shirya cewa gobe za ta kwaɓa laka ta kewaye murhu, shi kuma ya daina sayen ɗanyen itace. In ta kwashi adashinta zai cika mata su sayi murhu mai tsimi, rarar da aka samu a riƙa tarawa, kafin damina a sayi ƙaramar tukunyar gas saboda safiya.

Ya ce, "Ashe da mun daɗe da yin wannan zama."

Ta ce, "Ai yanzu ma ba a makara ba, Malam."

Sababbin kalmomi

Makamashi: duk abin da ake ƙonawa ko amfani da shi don samun wuta ko zafi.
Kuɗin saye: abin da ake biya sau ɗaya don mallakar kaya.
Kuɗin yau da kullum: abin da ake ci gaba da kashewa don kayan su yi aiki.
Rara: abin da ya saura in an cire sabon kashe kuɗi daga tsohon.
Na'urar zuƙo zafi: injin lantarki mai jawo zafi daga waje zuwa cikin gida.

Tambayoyi

1. Kawo ayyuka huɗu da murhu yake yi a gida ban da dafa tuwo.
2. Me ya sa gas zai iya zama mai araha a Kano amma mai tsada a Durun?
3. Wani gida yana kashe naira 24,000 a wata kan itace. Sun sayi murhu mai tsimi a kan naira 48,000, cin itace ya ragu da rabi. Wata nawa zai yi ya mayar da kuɗinsa?
4. Me ya sa manomi zai raba lissafin kaka da na damina?
5. Mene ne za a yi, mene ne kuma ba za a yi ba, idan an ji warin gas?

Aikin gida

Ku ari sikelin mai awo ku auna ɗaurin itace ɗaya, ku rubuta nauyinsa da kuɗinsa. Har kwana bakwai ku riƙa rubuta abin da aka ƙona kowace rana da aikin da aka yi da shi. Ku tambayo farashin gas kilo 1 a wurin ɗurawa mafi kusa, da kuɗin zuwa can. Maigida da mai girki su zauna tare su cike hanyoyin nan huɗu da farashin garinku, a kawo takardar aji mako mai zuwa.